Rumman Ɗin Bayan Gidanmu

Gidanmu yana unguwar Ƙofar Kaura, a birnin Katsina, ba nisa da inda tsohuwar ganuwa ta bi. In kun taɓa zuwa Katsina kun san birnin yana da ƙofofi da dama, kamar su Ƙofar Sauri, da Ƙofar Guga, da Ƙofar Marusa, da Ƙofar Durɓi. Tamu ita ce wadda matafiyi ya kan bi in ya nufi Kano.

A bayan gidan nan namu akwai wani ɗan lambu, tsawonsa taki 20, faɗinsa taki 12. Mahaifina ne ya kafa shi da hannunsa, ya kewaye shi da dangar kara, ya dasa lalle a gindin dangar. A ciki akwai mangwaro guda, da lemun tsami, da gwanda, da zogale. Daga kusurwar gabas akwai wata 'yar kuka, daga ta yamma kuma akwai bedi, watau itacen nan da Kanawa ke kira darbejiya. Akwai rijiya a tsakiya, dab da ita kuwa ga wani itacen rumman, wanda mahaifina ya dasa a shekarar da aka sa ni makaranta. Duk cikin itatuwan ba wanda ya ke ji da shi kamar wannan. In ya nuna, shi da kansa ya kan fasa, ya raba mana 'ya'yan nan jajawur a tafin hannu.

Da daminar 2009 Allah ya yi wa mahaifina rasuwa. Hankalin kowa ya tashi, aka mance da lambu. Kaka ta zo ta wuce, hunturu ya shigo, ba wanda ya zuba wa itatuwan nan ko guga ɗaya na ruwa. Ranar da na tuna na buɗe ƙyauren lambun, sai da na ji kunya. Ganye ya kaɗe ya cika ƙasa, zogale ya zama kamar sanduna, rumman kuwa ya tsaya tsirara, ba ko ganye ɗaya a jikinsa.

A wannan lokaci ina koyarwa a wata makarantar firamare. Akwai kuma wani ɗan ƙanwata, mai shekara 8, da iyayensa suka aiko mana daga ƙauye, wai tun da kawunsa malami ne, ko Allah ya sa ya iya karatu. Yaron nan ba shi da ƙiwuya, ba shi da rashin kunya, amma baƙi ya ƙi zama a kansa. Abin da na koya masa da dare, kafin gari ya waye ya zube. Wata 4 muna haka, har na gaji, na gaya wa mahaifiyata in an yi hutu zan mai da shi wurin iyayensa. Ta dube ni kawai, ba ta ce kome ba.

Da watan Fabrairu ya kusa ƙarewa, sai sanyi ya fara sauƙi. Na kira yaron nan na ce ya zo mu gyara lambun kakansa. Muka share ganye muka tara, muka yi wa kowane itace kwari a gindi, muka shiga ban ruwa safe da yamma. Aikin ba sauƙi gare shi ba, gama da rani ruwan rijiyarmu ya kan yi ƙasa ƙwarai. In mun ja guga 10 sai mu tarar da laka, sauran kuwa sai an saya wurin 'yan ga-ruwa.

Ba a yi kwana 10 ba sai lambu ya soma farkawa. Zogale ne ya fara, ya fid da 'yan ganyaye ƙanana masu taushi. Lalle ya bi bayansa. Lemun tsami ya yi sabon toho mai sheƙi. Mangwaro kuwa, da ma shi ba ya kaɗe ganyensa duka, ya cika da fure, ƙudan zuma suna ta kai da kawowa a kansa tun da sassafe. Wata safiya ina alwala sai na ji yaron nan ya sheƙo a guje, yana kira, "Kawu! Kawu! Zo ka gani, itacen Kaka ya buɗe ido!" Na bi shi. Ashe kuwa gaskiyarsa, ga waɗansu 'yan tsirai jajaye, kamar kan allura, sun ɓullo a jikin rassan rumman. Da ya ke bai iya rubuta lamba ba, sai ya ɗauki gawayi ya riƙa jan layi a jikin bango, kowane toho layi guda. Ran nan ya ja layi 7. Kafin mako ya zagayo layukan sun kai 40.

To, yara, watakila za ku tambaya, ƙaƙa itacen da ya bushe ya ke sāke yin ganye? Ga yadda abin ya ke. A jikin kowane ganye akwai waɗansu 'yan ƙofofi ƙanana da ido ba ya iya gani, ta nan ne ruwan jikin itace ke fita ya bi iska. In ƙasa ta bushe, itace ya ga abin da ke fita ya fi abin da saiwarsa ke samowa, sai ya kaɗe ganyensa don ya rufe ƙofofin nan. Ya tattara ɗan ruwansa da abincinsa ya ɓoye cikin saiwa da gangar jiki, ya kwanta barci. Kun dai san gaiwa, yadda ta kan shige cikin laka in tafki ya ƙafe, ta yi ta kwana har ruwa ya komo. Haka itace ya ke yi. Kuka ta fi kowa iya wannan dabara, domin ƙaton cikin nan nata rumbun ruwa ne. Shi ya sa za ku ga ta fara toho da bazara, tun ba a sami ko yayyafi ba. Gawo ne kaɗai ya saɓa wa 'yan'uwansa, ya kan yi ganye da rani, ya kaɗe da damina.

Muna cikin murna, muna cewa hunturu ya tafi ke nan sai baɗi, ashe da sauran rina a kaba. Kwana kaɗan bayan tsakiyar watan Maris na 2010, muka wayi gari ba a ganin gaba. Hazo ya rufe birni ruf. In ka tsaya a ƙofar gidanmu ba ka hangen ƙarshen layi. Rana ta fito fara fat, kamar faranti, har mutum ya iya dubanta ido da ido. Masu mota suka kunna fitila da tsakar rana, kowa ya rufe hanci da baki da rawani ko gyale. Tsofaffin unguwa suka ce sun daɗe ba su ga hunturu ya komo da ƙarfi haka a wannan lokaci ba. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, hazon ya kai har Legas a bakin teku, ya hana jiragen sama da yawa tashi.

Ƙurar nan kuwa ba ta Katsina ba ce, baƙuwa ce daga nesa. Can cikin ƙasar Chadi, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, akwai wani babban kwari da a ke kira Bodele. A zamanin da ruwa ne maƙil a wurin, amma ya ƙafe tun tuni, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. In iska ta matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, sai ta ƙara ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi, ta kawo mana. Wani ma ya kan wuce mu, ya ƙetare Tekun Atlantika, ya sauka a dajin Amazon na Amurka ta Kudu. Abin mamaki, a cikin ƙurar nan da ke sa mu tari akwai abincin tsiro, saboda haka inda duk ta sauka ta kan ƙara wa ƙasa ɗan taki. Amma busasshiyar iskar da ke ɗauko ta ba ta jin tausayin ɗanyen toho.

Ba a ƙasarmu kaɗai a ke irin wannan ba. A ƙasashen sanyi, kamar Ingila, itatuwa su kan kaɗe ganye saboda ɗari. In ɗari ya wuce, wajen watan Maris ko Afrilu, sai su yi toho, furanni su fito. Wani lokaci kuma sai dusar ƙanƙara ta komo ba zato, ta lulluɓe lambuna fari fat, masu lambu su kwana da zulumi. Su dusar ƙanƙara, mu ƙura, amma fargaban mai lambu ɗaya ne.

Da gari ya washe bayan 'yan kwanaki, muka shiga lambu ni da yaron. Abin ba kyan gani. Kowane ganye ya yi furu-furu. Furen mangwaro da 'yan ƙananan 'ya'yansa sun zube a ƙasa. Tohon lemo ya nannaɗe. Gwanda ta langaɓe. Muka ƙarasa wurin rumman, muka tarar jajayen tsiran nan duk sun ƙone sun yi baƙi, in ka taɓa sai su marmashe. Yaron ya dubi itacen, ya dubi layukansa na jikin bango, sai hawaye. Ni ma raina ya ɓaci. Na tuna wahalar jan ruwa, na tuna kuɗin da na ba 'yan ga-ruwa, sai na shiga gida neman gatari.

Mahaifiyata tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Da ya ke ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana. Ta ɗaga kai ta ce, "Malam, ina za ka da gatari?"

Na ce, "Inna, rumman ɗin nan ya mutu. Gara a sare shi a yi girki, ruwan da mu ke ɓarnatarwa a kansa a ba lemo."

Ta ce, "Wa ya gaya maka ya mutu?"

Na ce, "Ai ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ta ajiye faifai, ta yafa mayafinta, ta ce, "Ka tambayi ido, saura farce. Mu je."

Tun rasuwar mahaifina ba ta taka cikin lambun nan ba sai ran nan. Ta tsaya jim a bakin rijiya, sa'an nan ta kama wani reshe na rumman, ta sa farce ta ɗan kankare ɓawonsa. Ta kira jikanta da sunan wasan da ta ke yi masa, ta ce, "Maigidana, zo ka gaya wa kawunka abin da ka gani." Yaron ya leƙa ya ce, "Kore ne, Kawu! Kuma da danshi!" Na sunkuya na duba. Lalle kuwa, ƙarƙashin busasshen ɓawon nan ga wata fata koriya shar.

Daga nan ta je wurin gwanda ta latsa gangar jikinta, sai yatsa ya shige, ciki ba kome sai ruɓa. Ta ce, "Wannan kam ta riga mu gidan gaskiya, ka iya sare ta. Amma wancan barci ya ke yi. Itace ba ya fid da idanunsa duka rana ɗaya, ya kan ɓoye waɗansu saboda irin wannan rana. Ka ba shi lokaci har shamuwa ta iso. In ta zo bai motsa ba, ni da kaina zan miƙo maka gatari." Ta juya za ta fita, sai ta waiwayo ta dubi yaron, ta dube ni, ta ce, "Ba kuwa itacen kaɗai na ke nufi ba."

Maganar nan ta shige ni ƙwarai. Na kwana ina juya ta a zuciya. Ga ni malami, na yi kwalejin horon malamai, amma sai da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta tuna mini aikina.

Kashegari muka ɗaura ɗamara. Muka yayyafa wa ganyaye ruwa don mu wanke musu ƙura. Muka kwaso busasshen ganyen da muka tara, muka shimfiɗa a gindin kowane itace, don kada rana ta shanye danshin ƙasa. Mahaifiyata ta ba mu wani tsohon tulu, muka haƙa rami kusa da saiwar rumman, muka binne shi har wuya, muka cika shi da ruwa, muka rufe bakin da kasko. Jikin tulu yana tsatsafo da ruwa a hankali, saboda haka saiwa ta kan sha kaɗan kaɗan dare da rana, ba abin da ke ɓacewa. Da wannan dabara tulu ɗaya ya kan yi mana kwanaki.

Na kuma sayo wa yaron ɗan littafin rubutu da fensir, na ce masa daga yau shi ne magatakardan lambu, kome ya gani ya rubuta. Ya ce, "Kawu, ai ban iya ba." Na ce ya faɗi kalmar da ya ke so, in nuna masa. Ya yi shiru, kāna ya ce, "Toho." Na rubuta masa a ƙasa da tsinke, baƙi 2 da wasali 2. Ya kwaikwaya har sau 10. Kashegari da na tambaye shi, sai ga shi ya rubuta ba kuskure. Ran nan ya nemi "ruwa", gobe "ido", jibi "tulu". Ashe abin da ya hana baƙi zama a kansa, ban taɓa ba shi kalmar da ta dame shi ba.

Bayan kamar mako 3 ya kawo mini jimlarsa ta farko, yana ta murmushi. Na karanta da ƙarfi: "Kura ta kashe toho." Mahaifiyata ta dafe ƙirji ta ce, "Kura a lambunmu? Maigidana, ka bar kura ta shigo gida kana kallo?" Duk muka fashe da dariya har da shi. Na nuna masa ɗan lanƙwasan da ya bambanta "k" da "ƙ", na ce da ɗan ƙugiyan nan ne a ke raba dabbar daji da ƙurar hunturu. Tun daga ran nan bai sāke mance shi ba.

Watan Afrilu ya shigo da zafinsa. Iska ta juya, ta fara busowa daga kudu maso yamma, da dare mutum ya ji gumi. 'Yar kukarmu ta yi toho. Zogale ya murmure, har muka fara tsinka ana yin kwaɗo. Rumman dai shiru. Kullum da safe yaron ya kan je ya duba, ya komo ya rubuta, "Yau babu." Na ƙirga "Yau babu" har 26 a littafinsa. Ba na ɓoye muku, sau da yawa na fid da rai, amma na riga na yi alkawari, na kuwa tuna an ce mahaƙurci mawadaci.

Wata ranar Juma'a da asuba, sai na ji ana taɓa mini ƙafa. Na buɗe ido na ga yaron tsaye, bai ce uffan ba, sai ya miƙo mini littafi. Na duba, ga abin da ya rubuta da manyan baƙaƙe: "Yau akwai. Toho 3." Muka fita tare. Can ƙasa da inda na farko suka ƙone, ga sababbin tsirai jajaye sun tsago ɓawo. Na kira mahaifiyata ta zo ta gani. Ta daɗe tana dubansu, ta share ido da bakin mayafi, ta ce, "Alhamdu lillahi."

Ba a yi mako 2 ba muka ga shamuwa tana shawagi a sama. Tsuntsuwar nan ta kan yi ranin ta a ƙasashen kudancin Afirka, ta komo mana dab da faɗuwar ruwa, shi ya sa manoma ke murna da ganinta. Ta tarar da rumman ya yi kore shar, ba wanda ya ƙara tā da zancen gatari. Da ruwa ya sauka, sai albasar kwaɗi, wadda ba wanda ya san tana gindin danga, ta ɓullo da furenta. Rumman ya yi jan fure, daga baya ya ba mu 'ya'ya 9. Mangwaro kuwa bai yi abin kirki ba a shekarar nan, gwanda ma sai wata muka dasa. Da rumman ya nuna, mahaifiyata ta ce magatakardan lambu shi zai fasa na farko, ya raba mana a tafin hannu, kamar yadda kakansa ya saba.

Da aka yi hutu yaron ya je ya gai da iyayensa, ya komo. Ya gama firamare a gidanmu, ya wuce sakandare. Littafin nan nasa har yanzu yana cikin akwatina.

Yau aikina shi ne zagaya makarantu ina duba yadda a ke koyarwa. Kusan kowane aji na shiga na kan tarar da wani yaro ko wata yarinya a can baya, an fid da rai da su, su ma sun fid da rai da kansu. In na gan su sai in tuna da gatarin nan, in ja kujera in zauna kusa da su, in tambaye su kalmar da su ke so su rubuta.

Kai kuma da ke karanta wannan, in karatu ya yi maka wuya bana, kada ka ce kanka ya bushe. In kuwa akwai itace a gidanku da ya kaɗe ganye, kada ka yi saurin cewa ya mutu. Ka ɗan kankare ɓawon reshe guda da farce, wuri kaɗan, kada ka zagaye shi, don in an zagaye ɓawo reshe ya kan mutu. In ka ga kore, to, ka nemo tulu, ka ba shi ruwa, ka jira shamuwa.

Tambayoyi

1. Don me itace ya kan kaɗe ganyensa da rani?
2. Daga ina ƙurar hunturu ta ke zuwa?
3. Ƙaƙa tsohuwa ta gane rumman bai mutu ba?
4. Mene ne amfanin binne tulu a gindin itace?
5. Rubuta jimla 2, ɗaya da "kura", ɗaya da "ƙura".